Addu'ata a Bakin Shamsiyya

Ku da kuke bin labarin nan nawa kun sha yi min shaidar haƙuri a ƙasan rubutu, har wata ta ce da namiji ce ita da tuni ta aure ni. To yau ku janye shaidarku. Tun jiya kishi ya shaƙe ni har na zuba gishiri a kunu, kuma ba a kan leshi ko sarƙar zinare ba. A kan addu'ar shiga mota ne. Ku yi dariyarku, in kun gama ku saurare ni.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Wasila, 'yar Malam Maccido ta Gawon Nama, nan cikin Sakkwato. Gidanmu gidan karatu ne, ko kazarmu ta san lokacin da ake buɗe littafi a zaure. Wanda nake so kuwa Hayatu ne, ɗan manoman shinkafa daga Wamakko, ma'aikacin gona. Ofishinsu ya tura shi Maleshiya kwas na 'yan watanni. Yau Lahadi ce ranar da aka sa wa kawunnansa su zo tambayar aurena, kuma Baba ya riga ya gindaya min sharaɗi.

"Littahi ya ce shirun budurwa yarda ta, amma ni ba ni aiki da shiru," in ji shi. "Da bakinki za ki hwaɗi. In kic ce i, an gama. In ba ki ce ba, kada in ƙara jin sunanai cikin gidanga."

Wanda ya san Baba ya san ba ya maimaita magana.

Bari in gaya muku asalin addu'ar. Farkon zuwan Hayatu zance, da wata tsohuwar mota ya zo, wadda sai an ɗaga ƙofarta take rufuwa. Da zai tafi na ga ya murɗa makulli da bisimilla kawai. Jinin gidanmu ya motsa, na ce, "Haka kake shiga mota?" Ya ce su a fadama bisimilla ta ishe su hawa jaki. Na tsaya a bakin taga na karanta masa addu'ar hawa abin hawa, na ɗora da ta tafiya, wadda ake roƙon Allah Ya sauƙaƙe hanya Ya naɗe nisanta. Ya dube ni ya ce, "Amin, Malamata."

Tun daga ranar, ko Kwalkwalawa zai je duba gonar gwaji sai ya kira ni. "Malamata, na shiga mota, a buɗe man hanya." Na biya masa addu'ar nan har na gaji, kullum sai ya ce kansa ba ya riƙewa. Mutumin da ya haddace sunan kowane irin shinkafa da ake shukawa daga nan har Argungu! Na san ƙarya yake, shi ma ya san na sani, kuma ƙaryar tana min daɗi. Akwai ranar da na ce ina son in koyi mota, ya yi dariya har da dukan sitiyari.

"Mi za ki yi da tuƙi ga ni? Ke zauna gaba ki yi addu'a, ni in ja. An raba aiki."

Na yarda da rabon. Ku riƙe wannan a ranku.

Sai Shamsiyya. 'Yar Gwaggo Balkisu ce, ƙanwar Baba. Tare muka tashi, kuma duk yarintata da "ba ki ga Shamsiyya ba?" aka raine ni. Ta riga ni sauka, ta riga ni iya ɗaurin ɗankwali, yanzu tana digiri na biyu a Maleshiya, har da lasin tuƙin ƙasar. Da Hayatu zai tafi Gwaggo ta haɗo mata kilishi da kuka da daddawa da yaji, ni kuma da yatsana na tura masa lambarta don ya kai saƙo. Ba wanda ya ba kura ajiyar nama sai ni.

Jiya Asabar da safe, na gama shara kenan, zafin bazara ya fara tun rana ba ta ɗaga ba, fanka tana juya iska mai ɗumi a kaina, sai ga bidiyo daga Hayatu. Can wajensu rana ta riga ta raba. Na zauna a bakin gado na buɗe.

Jama'a, akwai ƙasa a duniya. Hanya ce ta nannaɗe dutse tana hawa, baƙa wuluk, ba rami ko ɗaya. Gefe da gefe tsaunuka ne kore shar, an shuka ganyen shayi layi-layi kamar an yi musu kitso. Ruwa yana zubowa daga jikin dutse har bakin kwalta, hazo yana shiga gaban mota yana fita. Ta ƙasa kuma kwari ne mai zurfin da ba a hango ƙarshensa. Muryarsa tana cewa, "Malamata, dubi ikon Allah. Girgije ƙarƙashinmu shike! Wata rana ni da ke za mu biyo wagga hanya."

Na yi murmushi. Sai murmushin ya tsaya a rabi, domin na tuna bai kira ni ba. Tafiya irin wannan, hawan dutse a ƙasar mutane, ba a nemi Malama ba.

Na sake kallo. Daga kujerar hagu ake ɗaukar bidiyon, wurin direba kenan a iya sanina. Har na fara rubuta masa, "Kana tuƙi kana ɗaukar hoto?" sai na lura motocin da ke tahowa ta dama suke wuce su, kowa yana bin hannun da a garin nan sai mahaukaci. A kallo na uku, daidai wata kwana, wayar ta karkata a hannunsa. Babu sitiyari a gabansa. Sitiyarin yana can ɗaya gefen, kuma hannu biyu ne a kansa, farare, da jan lalle a kan yatsu, da zoben azurfa mai koren dutse.

Zoben Kakarmu ne. Ranar da aka raba kayanta ni 'yan kunne aka ba ni, zoben aka ba Shamsiyya.

Ban gama haɗiye wannan ba wayata ta hau ƙara, guruf ɗin danginmu ya kama da wuta. Shamsiyya ta sa nata bidiyon na lokacin da za su tashi. Ga ta cikin abaya ruwan toka da ɗan gilashi a saman goshi, ga Hayatu a gefenta da rigar sanyin da ni na zaɓa masa a kasuwa, ga Gazali abokin kwas ɗinsa da matarsa a baya suna ɗaga hannu. Ta gyara madubi, ta dafa sitiyari, sai na ji ta fara: "Subhanallazi sakhkhara lana haza..."

Ta ja ta har ƙarshe, da ƙira'a, kowane harafi ya fita daga mafitarsa. Shi kuma ya buɗe baki ya ce amin.

Dangi suka yi ta zuba mata albarka. Wannan ya ce 'yar gida ba ta yar da gado ba, wancan ya ce mace mai kamar maza. Ni kuwa na kifa wayar a kan filo na zauna ina kallon bango. Wallahi da hoton su na gani suna cin abinci a kwano ɗaya da bai yi min ciwo haka ba. Kujerar gaba ta kowa ce, ko buhun taki yana zama a kanta. Amma addu'ar nan tawa ce. Na san za ku ce addu'a ta Allah ce, ni ma 'yar malam ce, na sani. Zuciya ce ba ta yi makaranta ba.

Na ɗauki wayar na rubuta masa, "Hanya ta yi kyau. Direba ma ta yi kyau."

Nan take ya amsa, "Au, kin gani? Ai Shamsiyya gwana ta."

Ku ji fa. Gwana.

Na rubuta, "Na ɗauka an raba aiki."

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina kallo. Can sai ga saƙon murya, ya yi ƙasa da murya kamar mai gudun a ji shi.

"Malamata, kunya ta hana ni hwaɗa miki. Ni na karɓi motar wurin masu haya. Kin san nan hagu suka bi, sitiyari kuma dama shike. Ina hita titi na kai hannu in sa sigina, sai waifa ta kama share gilashi. Mun iso shataletale, hannuna ya bi abin da ya saba, na shige ta dama. Wata babbar mota ta danno man oda, har yanzu kunnena na ƙara. Matar Gazali salati take tana kuka. Dole Shamsiyya ta karɓa. Kira kuma, lokacin da munka tashi ku kuna kwana, ban so in tashe ki ba."

Da mai hankali ce ni da na ce Allah Ya kiyaye gaba. Amma ni hoton yatsun nan masu lalle ne a idona. Na rubuta masa, "Ashe kai ma kaya ne, a ɗauke ka a sauke. Wanda ya ce mace ba ta buƙatar tuƙi, ga shi mace na yawo da shi kan dutse."

Ya karanta. Ya sauka daga layi.

Da la'asar Gwaggo Balkisu ta zo taya Inna shirin baƙi, da mayafinta mai duwatsu da ƙamshin humrarta da ke riga ta shiga gida. Wannan Gwaggon ce fa da farko ta ce me za a yi da ɗan fadama mai taɓo a ƙafa. Tana zama a tabarma ta jawo turmin jajjage ta fara.

"Ashe yaron ga hankali garai! Shamsiyya ta ce duk inda sunka tsaya shi ka buɗe mata ƙohwa, shi ka riƙe mata jaka. Ta ce ba ta taɓa ganin mai natsuwa irinai ba."

Inna ta ce, "Ai Wasila ta iya zaɓe."

"Ta iya kam," in ji Gwaggo, tana kallona ta wutsiyar ido. "Sai dai a iya riƙo."

Ina tankaɗen garin masa a lokacin. Na buga rariyar nan har gari ya tashi ya rufe min gira. Inna ta ce lafiya? Na ce tsakuwa ce a ciki.

Yau tun da sassafe gida ya cika da hayaƙin turaren wuta. An shimfiɗa sabuwar darduma a zaure, masa tana soyuwa a tanda, miyar taushe tana tafasa, an dama fura an sa ƙanƙara. Inna ta fito min da atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ɗinkin riga da zani, ta ce in saka ko da baƙin ba za su gan ni ba. Ina gaban madubi ina fama da ɗauri, hantsi ya ɗaga, sai wayata ta yi ƙara. Hayatu.

Na bari ta kusa tsinkewa sannan na ɗauka. Ina jin ruwan sama yana dukan rufin mota.

"Malamata, na shiga mota, a buɗe man hanya. Gangarowa za mu yi, kuma ni ka ja. Na karɓi makulli. Kin ce ni kaya na, yau za ki gani."

Zuciyata ta buga, amma bakina ya riga ta.

"Direbakka na kusa, ta karanta maka. Ai ta hi ni ƙira'a."

"Wasila..."

Na kashe.

Ban taɓa hana shi addu'ar nan ba. Ko ranar da muka yi faɗa a kan bai zo gaida Inna da Sallah da wuri ba, na karanta masa, fuskata a ɗaure. Yau na hana shi, a ranar da zai gangaro dutse cikin ruwa, a hannun da bai iya ba, saboda gorin da ni na yi masa.

Na ci gaba da ɗaurin ɗankwali kamar ba komai. Na ɗaura na kwance, na ɗaura na kwance. Kwarin nan mai zurfi ya dawo min a ido, da babbar motar da ta danna masa oda. Na jawo wayar na kira. Ba ta shiga ba. Na sake kira, matar nan ta kamfanin waya ta ce ba a samun lambar. Na tura saƙo, ya tafi ya tsaya da alama ɗaya, ya ƙi isa.

Sai ga sallama a ƙofar gida. Kawunnan Hayatu sun iso, dattawa uku da manyan riguna, da ƙwaryar goro da alawa, da buhun shinkafar gonarsu a bayan mota. Ina leƙensu ta labule, ɗaya daga cikinsu tafiyarsa sak ta Hayatu. Hawaye ya zubo ya ɓata min kwalli. Mutanen nan sun zo nema wa ɗansu mata, ba su san matar ta tura shi bakin rami da gatse ba.

Na zagaya bayan ɗaki, gindin darbejiya inda ake wanke-wanke, na tsuguna da sabuwar atamfata ina ta danna waya. Ina jin muryar Baba daga zaure ana gaisawa, ana tambayar ruwa da gona. Ban san tsawon zaman da na yi ba, sai wayar ta yi ƙara a hannuna. Lambar Shamsiyya ce. Me zai sa ita ta kira, ba shi ba? Da ƙyar na kai ta kunne.

"Wasila!" Muryarta a sama, kuma ba kuka take ba, masifa take. "Wane irin mutum na kika shirin aure? Tun da kik kashe mai waya muna nan inda muke. Ya riƙe makulli ya ce ba shi tada mota sai kin karanta. Na karanta mai, ya ce tawa ta jiya ta, ta yau sai Malamatai. Gazali ya karanta, ya ƙi cewa amin. Ruwa ya ɗauke sabis, sai da na hito na hau wani tudu da lema kahin in same ki. Sanyi na kashe mu, magariba na matsowa. Don girman Allah ki karanta mai mu tahi!"

Ba zan ɓoye muku ba, wani sanyi ya ratsa ni tun daga kai har ƙafa, irin wanda furar Inna ba ta taɓa ba ni ba. Shamsiyya, mai digiri, mai lasin, mai zoben Kaka, tana tsaye cikin ruwa tana roƙona. Har na so in ce ta ɗan ƙara jira.

Na ce, "Kai mai wayar."

Na ji takunta cikin ruwa, ina roƙon Allah kada sabis ya sake ɗaukewa, na ji an buɗe ƙofa, an rufe. Numfashinsa ya cika min kunne.

"Malamata."

Na riga na shirya abin da zan ce. Zan ce kafin in karanta sai Shamsiyya ta koma baya, Gazali ya dawo gaba. Maganar tana kan harshena. Sai na ji ƙarar waifa tana kai da kawowa, na tuna hannunsa da ya bi abin da ya saba. Gazali bai san hanyar ba, Hayatu bai san hannun ba, duhu yana zuwa. Mutum ɗaya ce a cikin motar nan za ta iya sauko da shi lafiya, kuma ita ce wadda ba na son ko inuwarta ta taɓa shi.

Na ce, "Hayatu, ba ta makullin."

"A'a. Kin ce..."

"Na ce, kuma na janye. Kai ba kaya ba ne. Ba ta makullin, ka zauna gefenta, ka bar mata ido kan hanya. In ba haka ba, ba ni karantawa."

Sai na ji ƙarar makulli ya sauya hannu, ƙofofi suka buɗe suka rufe. Na share hancina da bakin zani na karanta, babu ƙira'a babu ado, har na yi tuntuɓe a wurin da ban taɓa yi ba. Da na kai ƙarshe su uku suka ce amin a tare. Shi sai da ya bari suka gama.

"Amin, Malamata."

Mota ta tashi, kiran ya yanke.

Ina ɗagowa na ga Inna a tsaye a kaina da ludayi a hannu. Ban san tun yaushe take wurin ba.

"Malam na jiran amsa. Mi za ni ce mai?"

Na miƙe na kakkaɓe atamfata. "Ki ce na ce i."

Ta juya za ta tafi, na riƙo bakin mayafinta.

"Inna, ki ƙara mai da cewa a hwaɗa ma kawunnanai, ba ni tarewa sai na iya tuƙi. Hagu da dama."

Inna ta yi salati ta sanar da Ubangiji, ta ce wannan kuma sai dai in faɗa da bakina, ita ba ta ɗaukar saƙon hauka zuwa zaure. Ta tafi tana girgiza kai. Jim kaɗan na ji an ɗaga murya ana fatiha, Gwaggo Balkisu ta rangaɗa guɗa, ita da ko ɗazu take min kallon hadarin kaji.

Yanzu haka baƙi sun tafi, goro yana zagaya gida, kowa sai taya ni murna yake. Ni kuwa ina zaune a bakin gado da kwalli a kumatu, ina rubuta muku wannan da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan kiran lambarsa. An ba da ni ga Hayatu. Shi kuma yana can kan dutse cikin duhu da ruwa, kafaɗarsa kusa da ta Shamsiyya, ransa a hannunta mai lalle, kuma ni na zaunar da ita a wurin da bakina. Ina roƙon Allah Ya ƙara wa hannun nan ƙwari, ina kuma jin kamar in karya shi. Har yanzu wayar ba ta shiga ba.